Kaɗin Lantarki: Yadda Ake Mayar Da Auduga Da Itace Zaren Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ke karanta wannan darasi a waya mai allon LCD, akwai yiwuwar yana kallon rubutun ne ta cikin wani abu da asalinsa itace ne ko auduga. A cikin shimfiɗun da suka haɗu suka zama allon akwai wani siririn fim mai tace haske, kuma an daɗe ana lulluɓe shi da wata leda mai kama da gilashi da ake yi daga selulos, wato sinadarin da ke ba tsirrai ƙarfin tsayuwa. Wannan tsohon amfani ne. Sabon da masu bincike suka duƙufa a kai shi ne ɗaukar wannan selulos a kaɗa shi da wutar lantarki, ya zama zaren da ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, a yi matatar iska da shi, ko bandejin rauni, ko shamakin cikin batir.

Sunan hanyar a Turance ilektirosifinin, amma kaɗin lantarki ya fi daɗin faɗa, kuma ya faɗi ainihin abin da ake yi. Mai karatu zai yi zaton lantarkin ne mai wahala a cikin aikin. Ba shi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a mayar da selulos ruwa tun farko.

Mene ne selulos?

Selulos doguwar sarƙa ce ta sukari. Tsiro na ɗaukar ƙwayoyin gulukos ya jera su ɗaya bayan ɗaya, dubbai a sarƙa guda, ya gina bangon ƙwayoyin jikinsa da su. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Anselme Payen, shi ya fara ware shi daga tsirrai a shekarar 1838. Auduga kusan kashi 90 cikin 100 nata selulos ne, itace kuwa tsakanin kashi 40 zuwa 50. Ragowar itacen lignin ne da hemiselulos, waɗanda ke aikin siminti tsakanin zarurrukan. Akwai shi a karan dawa da na masara, da rama, da ɓuntun shinkafa, da tuƙar rake.

Abin sha'awa, sitacin da ke cikin tuwo shi ma sarƙar gulukos ce. Bambancin kawai yadda ƙwayoyin suka kama juna. Kamun da ke cikin sitaci cikin ɗan Adam ya san yadda zai tsinka shi, na selulos kuwa bai sani ba. Shi ya sa mutum ke cin dawa, saniya ta ci karan, ita ma da taimakon ƙananan halittun da ke tumbinta.

Ina iyakar sirantar?

A raba milimita ɗaya gida dubu, kowane gida maikromita ne. A sake raba maikromita gida dubu, an samu nanomita. Kaurin gashin kan mutum yana tsakanin maikromita 50 zuwa 100. Silin auduga guda, wanda ake gani yana yawo a iska, bai wuce maikromita 12 zuwa 20 ba. Zaren kaɗin lantarki kuwa yawanci yana faɗawa tsakanin nanomita 100 zuwa 1,000.

Ga lissafin da zai sa abin ya zauna a kai. A ce kaurin zaren nanomita 300 ne. Idan aka miƙe giram ɗaya nasa, tsawonsa zai kai wajen kilomita 10,000. Idan kuma aka auna faɗin fatar zaren, wato duk inda iska ko ruwa zai iya taɓawa, giram ɗayan nan zai ba da kusan murabba'in mita 10, girman daɓen ƙaramin ɗaki. Wannan faɗin fata, tare da ƙananan ƙofofin da ke tsakanin zare da zare, su ne dukiyar da ake nema. Ba don a ɗinka riga ake kaɗa shi ba.

Yadda injin yake

Wanda ya taɓa ganin tsohuwa na kaɗi ya riga ya san rabin darasin. Tana riƙe da shiɓaɓɓiyar auduga a hannu ɗaya, ɗayan na murza mazari, tana ja a hankali. Yawan ja da yawan audugar da ta saki su ke nuna ko abawa za ta fito ko arafiya. A kaɗin lantarki ma ja ake yi, sai dai abin da ake ja ruwa ne mai yauƙi, mai jan kuma caji ne.

Kayan aikin huɗu ne: sirinji mai allurar ƙarfe marar tsini, ɗan famfo mai tura ruwan a hankali ƙwarai, na'urar ba da wuta mai ƙarfin gaske, da farantin ƙarfe da zaren zai sauka a kai, wanda galibi ake naɗe shi da takardar alminiyom. Ana haɗa waya ɗaya a jikin allurar, farantin kuma a haɗa shi da ƙasa, a bar tazarar santimita 10 zuwa 20 a tsakaninsu. Wutar da ake sakarwa takan kai volt 10,000 zuwa 30,000. Don kwatance, cajar waya ta gama-gari volt 5 take bayarwa, soket ɗin bango kuma wajen 230.

Kafin a kunna wuta, ɗigon da ke bakin allura a dunƙule yake, kamar raɓa a kan ganyen gwaza, saboda fatar ruwa kullum tana ƙoƙarin tattare kanta. Da an kunna, caji iri ɗaya ya taru a fatar ɗigon. Caji iri ɗaya kuwa ba sa shiri, kowanne na ture ɗan'uwansa, ga farantin can yana janyo su. Sai ɗigon ya fara tsini kamar bakin mazurari. Wannan siffa ana kiranta tsinin Taylor, da sunan Geoffrey Taylor na Ingila wanda ya yi lissafinta a shekarar 1964, har ya nuna cewa gefen tsinin na karkata da digiri 49.3 daga tsakiyarsa. Da zarar turin cajin ya rinjayi riƙon fatar ruwan, wani siririn ruwa ya tsillo daga kan tsinin ya nufi farantin.

Nan ne wurin da ya fi burgewa. Siririn ruwan yana tafiya a miƙe na ɗan santimitoci kawai, daga nan sai ya fara bulala a iska yana zagaye, kamar tiyon ruwa da aka buɗe wa famfo da ƙarfi aka saki. A ido kamar feshi ne, amma kyamara mai saurin ɗauka ta nuna cewa galibi zare ɗaya ne ke ta wulwulawa. Wannan bulalar ce ke miƙe shi ya ƙara siranta sau da yawa, a lokaci guda ruwan da aka narkar da sinadarin a ciki yana bin iska. Kafin ya isa farantin ya bushe. Yana sauka a hargitse, wani kan wani, har ya taru ya zama farin mayafi mai laushi kamar takardar goge hannu.

Kada wani ya ce zai gwada a ɗaki da kayan tsohuwar talabijin mai ƙeya. Gaskiya ne cikinta akwai na'urar da ke haifar da dubban volt, amma ruwan da ake wannan aiki da shi mai kama wuta ne, tartsatsi ɗaya ya isa. A ɗakunan gwaji cikin akwati mai zuƙe hayaƙi ake yinsa, da na'urar da aka taƙaita wutar da za ta iya fitarwa.

Ba sabon abu ba ne

Tun shekarar 1600 William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila, ya rubuta cewa idan aka goga wani busasshen ƙaro aka kusantar da shi ga ɗigon ruwa, ɗigon kan yi tsini ya nufe shi. Dabara ɗaya ce da ta yaran makaranta masu goga biro a gashi su ɗauki guntun takarda. John Cooley da William Morton sun yi rajistar injinan fesa ruwa da lantarki a Amurka a 1902. Daga 1934 wani Bajamushe, Anton Formhals, ya yi ta rajistar injinan kaɗa zare, kuma abin da ya kaɗa ɗan gidan selulos ne. A ƙarshen shekarun 1930 Igor Petryanov da Natalya Rozenblum a Tarayyar Sobiyet suka yi matatar hayaƙi ta wannan hanya, aka riƙa sa ta a takunkumin kariya daga iska mai guba. Bayan nan sai maganar ta lafa a jami'o'i, har shekarun 1990 lokacin da Darrell Reneker na Jami'ar Akron a Amurka ya farfaɗo da ita.

Matsalar: selulos ba ya narkewa

Kaɗin lantarki na buƙatar ruwa. Roba irin ta leda ana iya narkar da ita da zafi, ko a jiƙa ta a wani sinadari ta narke. Selulos ya ƙi duka biyun. A sa auduga a wuta, ba za ta zama ruwa ba, ƙonewa za ta yi. A jiƙa ta shekara guda a ruwa, auduga ce za a tsamo. Da ba haka ba, da wankin farko ya cinye riga.

Dalilin yana jikin sarƙar. Kowace ƙwayar gulukos da ke cikinta tana da wasu 'yan hannaye uku, kowanne haɗin oksijin da haidurojin ne. Waɗannan hannaye na kama na sarƙar da ke kusa, ita ma ta kama ta gaba, har sarƙoƙin su jeru su manne tsam, babu ƙofar da ruwa zai kutsa ya raba su. Kamu ɗaya ba shi da wani ƙarfi, amma dubbai ne a kowace sarƙa. Ƙarfin da ya sa itace ke ɗaukar rufin ɗaki shi ne dai ya hana a narkar da shi.

Hanyar da aka fi bi ita ce zagaye. Da farko a tsabtace selulos ɗin: idan daga itace ko kara ne, a dafa shi da sinadarai a cire lignin da hemiselulos, kamar yadda masana'antar takarda ke yi. Idan kuma daga gajeren gashin da ke manne da angurya ne bayan gurza, aikin ya fi sauƙi domin kusan tsantsa ne. Daga nan a haɗa shi da wani sinadari ɗan'uwan ruwan tsamin binega, wanda zai toshe yawancin hannayen nan, kamar an sa musu safar hannu. Abin da ya fito shi ne selulos asitet, wanda Paul Schützenberger ya fara haɗawa a 1865. Mai karatu ya san shi ko bai san sunansa ba: shi ne farin abin da ke gindin taba sigari, da shi kuma ake yin firam ɗin tabarau masu yawa. Idan aka toshe kimanin biyu da rabi cikin hannaye uku, sarƙoƙin ba sa iya riƙe juna sosai, sai ya narke a asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi.

To amma asiton shi kaɗai yana da rawar kai. A digiri 56 yake tafasa, saboda haka yana bushewa tun a bakin allura ya toshe ta. Shi ya sa ake gauraya shi da wani sinadari mai jinkirin bushewa da ake taƙaita sunansa DMAc, sau da yawa kashi biyu na asiton, ɗaya na DMAc. Wasu kuma ruwan tsamin binega mai ƙarfi da ɗan ruwa suke amfani da shi.

Bayan an kaɗa, mayafin da ke kan farantin asitet ne, ba selulos ba tukuna. Sai a cire safar hannun: a tsoma shi na sa'o'i a ruwan soda marar ƙarfi, irin sodar masu yin sabulu, wadda aka narkar a itanol. Ana zaɓar itanol ne don ruwa zalla kan kumbura zarurrukan su manne da juna, ƙofofin su toshe. A wanke, a shanya, an samu zaren selulos. Sai dai sarƙoƙin ba su koma jeruwar da tsiro ya yi musu ba, don haka kada a yi tsammanin mayafin zai yi ƙarfin itace. Yana da sauƙin yagewa, shi ya sa galibi ake shimfiɗa shi a kan wani yadi mai ƙwari.

Akwai masu bin hanya kai tsaye, ba tare da asitet ba. Wasu sinadarai ƙalilan na iya narkar da selulos tsantsa: NMMO, wanda masana'antu ke yin yadin Tencel da shi, da gishirin litiyom a cikin DMAc, da wasu gishirai da suke a ruwa-ruwa ko ba a dafa su ba. Matsalarsu ɗaya ce, ba sa bin iska da sauri, wasu ma ba sa bi sam. Zaren na isa farantin a jiƙe ya narke cikin ɗan'uwansa. Dole a sa shi ya faɗa cikin kwanon ruwa ko itanol, wanda zai tsotse sinadarin ya bar zaren. Ana yi, amma da wuya da tsada.

A nan ya kamata mai karatu ya riƙa taka-tsantsan da tallan da ke cewa abu "na tsiro ne, ba ya cutar da muhalli". Selulos ɗin na tsiro ne, kuma yana ruɓewa a ƙasa. Amma a kowane cokali na ruwan da aka kaɗa, fiye da kashi 80 cikin 100 sinadarin narkarwa ne da zai tashi a iska, DMAc kuwa an san yana da illa ga lafiyar mai shaƙarsa. Idan masana'anta ba ta kama wannan tururi ta sake amfani da shi ba, rabin maganar talla ce kawai.

Saitin da ke gyara zare ko ya ɓata shi

Mafi muhimmanci shi ne kaurin ruwan. Miyar kuɓewa ta isa misali: idan ta yi yauƙi, ana ɗaga ludayi za ta biyo shi kamar zare, idan kuwa ta tsinke sai ta ɗiga. Dogayen sarƙoƙin da ke cikin ruwan dole su yi yawan da za su sarƙe da juna. In asitet ya yi kaɗan, ɗigo-ɗigo za a samu maimakon zare, ko zare mai ƙulle-ƙulle kamar carbi. In ya yi yawa, zaren ya yi kauri ko allura ta toshe. Da yawan gwaje-gwaje na faɗawa tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100.

Tazara in ta yi kusa, zaren bai bushe ba zai sauka. Turin famfo in ya yi yawa, ruwan ya riƙa zuba. Wuta in ta yi kaɗan tsinin ba zai fashe ba, in ta yi yawa ya riƙa rawa. Har laimar ɗaki tana da ta cewa: saitin da ya yi kyau da rani na iya ba da wani zare dabam da damina. Masu wannan aiki suna yin abin da mai neman kuskure a manhaja ke yi, su canja abu ɗaya kawai, su duba sakamako a madubin lantarki mai girmama abu sau dubbai, sannan su taɓa na gaba. Wanda ya canja uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aikin ba.

Idan ana son zarurrukan su jeru a layi maimakon hargitsi, sai a sauya farantin da ganga mai juyawa da gudu.

Me za a yi da shi?

Tace iska shi ne amfanin da ya fi nuna, domin tun zamanin Petryanov ake sayar da irinsa, duk da cewa yawancin na kasuwa yau da roba ake kaɗa su. Ƙurar da ta fi haɗari ga huhu ita ce wadda ba ta kai maikromita 2.5 ba, irin wadda ke cikin hayaƙin janareta da hazon hunturu. Takunkumin N95 na kama ta ne da taimakon cajin da aka ɗura wa zarensa a masana'anta, kuma wanki da sabulu ko barasar asibiti na kashe wannan caji. Mayafin zaren nano ya fi dogara da ƙanƙantar ƙofofinsa, ga shi iska na zamewa ta gefen siririn zare cikin sauƙi, don haka shimfiɗa marar kauri na iya tace ƙura ba tare da ta toshe numfashi ba.

A fannin lafiya ana gwada shi a bandeji, saboda selulos na shan ruwan rauni, iska na ratsa shi, kuma ana iya zuba magani a ruwan tun kafin a kaɗa.

Wanda ya fi shafar mai waya shi ne batir. A cikin kowane batirin litiyom akwai wani siririn shamaki tsakanin ɓangarorin wuta biyu, kaurinsa bai fi maikromita 10 zuwa 25 ba. Aikinsa ya bar ƙwayoyin litiyom su wuce, ya hana ɓangarorin taɓa juna. In suka taɓa, batir ya yi zafi, wani lokaci ya kama wuta. Lokacin da Samsung ta janye Galaxy Note 7 a 2016, binciken da ta fitar a farkon 2017 ya nuna cewa a wani rukunin baturan, tsinin walda ne ya huda wannan shamaki. Shamakin da ake amfani da shi yanzu na roba ne, mai narkewa tsakanin digiri 130 zuwa 165, kuma yana fara tsukewa tun kafin nan. Selulos kuwa yana riƙe siffarsa har kusan digiri 200, kuma yana shan ruwan batir da kyau. Amma son ruwan nan nasa yana da illa: yana tsotsar laima daga iska, laima kuwa guba ce ga batirin litiyom, sai an busar da shi ƙarau. Ƙofofin mayafin ma wani lokaci sun fi girman da ake so. Saboda haka batirin da ke cikin wayar mai karatu yau, shamakin roba ne a cikinsa.

Kada a rikita wannan da abin da ake kira nanoselulos. Shi ba narkarwa ake yi a kaɗa ba, farfasa zaren itace ake yi da inji da sinadari har a kai ga 'yan silin da tsiron ya gina da kansa, masu kaurin nanomita kaɗan. Akira Isogai na Jami'ar Tokyo ya yi suna a wannan fanni. Wancan warwara ce, wannan kuwa sabon kaɗi.

Me ya hana shi cika kasuwa?

Jinkiri. Allura ɗaya kan tura kimanin mililita 1 a awa. Idan kashi 15 cikin 100 na ruwan asitet ne, giram 0.15 ke nan na zare a awa guda. A wannan tafiya, kilo ɗaya zai ci fiye da wata tara, injin na aiki dare da rana ba ɗauke wuta. Jera allurai da yawa ya zo da tasa rigimar, domin zarurrukan duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, suna ture juna, ga toshewar allura ɗaya bayan ɗaya.

Mafitar da ta fi karɓuwa ta fito ne daga Jami'ar Fasaha ta Liberec a Jamhuriyar Cek a farkon shekarun 2000, inda Oldřich Jirsák da abokan aikinsa suka jefar da allurar gaba ɗaya. Sun sa wata ganga tana juyawa, rabinta a cikin ruwan, aka sakar mata wuta, sai tsinin Taylor masu yawa suka riƙa tasowa da kansu daga jiƙaƙƙiyar fatarta. Kamfanin Elmarco na sayar da injin da sunan Nanospider, kuma sababbin samfuransa siririyar waya suke amfani da ita a maimakon gangar. Sai dai a irin wannan inji ruwan a buɗe yake ga iska, asiton kuwa ba ya jira, don haka mai son kaɗa selulos asitet a kansa sai ya sake neman gaurayen sinadarin da zai daɗe bai bushe ba.